Tsadar kayan babur: Me ya sa fentin da ake fesa wa roba ba ya daɗewa?

Idan ka tsaya a bakin titi a Rurum Sabon Gari ranar kasuwa, ka ƙare wa baburan da ke shiga da fita kallo, akwai abin da za ka yi ta gani. Tankin mai, wanda ƙarfe ne, fentinsa na nan da sauran ƙyalli ko da babur ɗin ya tsufa. Amma murfin gefe da robar fitila da sauran sassan roba sun yi dabbare-dabbare, fenti ya ɗaɗɗaye kamar ɓawon albasa. Wani ma bai fi wata biyu da fitowa daga wurin mai fenti ba.

Daga nan rigima ke tashi. Mai babur ya ce an cuce shi, an sa masa fenti mai araha an karɓi kuɗin mai kyau. Mai fenti ya rantse cewa gwangwani ɗaya ya fesa wa tanki da murfi, a rana ɗaya, da hannu ɗaya. Sau da yawa gaskiya ya faɗa, kuma a nan matsalar take: ya ɗauki roba da ƙarfe abu ɗaya, alhali ba hali ɗaya suke da shi ba.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

A da, wanda robar babur ɗinsa ta tsage ko ta koɗe ba ya dogon tunani. Sai ya aika Ƙofar Ruwa ko Sabon Garin Kano a sayo masa sabuwa. Abubuwa biyu suka sauya wannan lissafi a 2023. Ranar 29 ga watan Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024.

Baburan da suka cika hanyoyinmu, irin su Bajaj da TVS da Jincheng da Haojue, kamfanonin Indiya da Sin ne, kuma yawancin kayan gyaransu da dala ake shigo da su. Da dala ta tashi, sai kayan suka bi ta. Abin da ake yarwa jiya, yau liƙe shi ake yi, a goge, a fesa masa fenti.

A birnin Kano, Adaidaita Sahu ce ta maye gurbin acaɓa tun bayan hana goyo a babur a 2013. Amma a ƙauyukan Rano da Kibiya babur ne har yanzu motar asibiti, shi ne motar kai buhu kasuwa, shi ne jarin matashi. Wanda zai sayar da nasa ya san cewa mai saye da ido yake fara ciniki. Don haka kuɗin fenti ba na ƙawa ba ne kawai. Idan ya ɓare kafin a sayar, asara ce biyu: kuɗin aiki ya tafi, darajar babur ta faɗi.

Roba ba iri ɗaya ba ce

Mu a Hausa duk roba muke ce musu, daga buta har bambar mota. A masana'anta kuwa kowace da sunanta da halinta. Biyu ne suka fi yawa a jikin ababen hawa.

Ta farko ita ce ABS. Tana da tauri, idan ka ƙwanƙwasa ta sai ta yi ƙara, kuma da ita aka fi yin sassan babur masu launi da sheƙi, irin na jikin roba-roba. Tana karɓar fenti ba gardama. Rauninta shi ne tina mai zafi na cin ta: jikinta ya yi laushi, ko ya yi ƙananan tsagu kamar jijiyoyin ganye, ko ta yi saurin karyewa daga baya.

Ta biyu ita ce folifurofilin, wadda ake taƙaitawa da PP. Tana lanƙwasa ba ta karye ba, taɓinta kamar na kyandir. Da ita ake yin kujerun roba da bokitai da yawa, da baƙaƙen sassan babur marasa sheƙi, kuma yawancin bambar motocin zamani daga gare ta ake haɗa su. Ita tina ba ta cin ta, amma fenti ma ba ya kama ta.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa watsa ruwa a sabon bokiti. Ruwan ba ya shimfiɗuwa, sai ya dunƙule ɗigo-ɗigo ya gangare. A ma'aunin da masana'antu ke auna yadda jikin abu ke karɓar ruwa, PP na tsayawa wajen 30, fenti kuwa yana buƙatar kusan 38 zuwa sama kafin ya kwanta ya riƙe. Don haka ko da ya bushe ya yi kyau, a sama kawai yake zaune. Farce ma na iya ɗaga shi.

Wannan ne ya sa launin buta ba ya ɓarewa: ba fenti ba ne, tun a masana'anta ake cuɗa launin da ƙwayoyin robar kafin a narka su. Shi ne kuma ya sa masu rabon bokitai da kofuna a gidan biki suka fi manna takarda mai hoton amarya da ango a kan buga rubutu a jikin robar.

Gane irin robar ba wuya. Yawancin sassan na da hatimi a bayansu, haruffa a tsakanin alamu biyu masu kama da kan kibiya, kamar >PP< ko >ABS<. Idan babu, a yanki ɗan ƙanƙani daga wurin da ba a gani a jefa cikin kofin ruwa. PP zalla ta fi ruwa sauƙi, sai ta taso. ABS nutsewa take yi. Sai dai akwai PP da ake cakuɗa ta da garin dutse don ƙarin tauri, ita ma tana iya nutsewa, don haka hatimin ya fi zama abin dogaro.

Maiƙon da ido ba ya gani

Ko an dace da irin robar, akwai wani tarko. Ana yin waɗannan sassa ne ta hanyar tura narkakkiyar roba cikin mazubin ƙarfe. Don kada ta manne, akan shafa wa mazubin wani maiƙo, ko a sa shi cikin robar kanta. Wannan maiƙo na biyo kayan har kasuwa. Ƙari a kan haka, masu wankin babur na goge roba da man sa ƙyalli, wani ma da baƙin mai.

Fenti ba ya zama inda maiƙo yake. Da ya sauka sai ya ja baya, ya bar ƙananan ramuka masu kama da idon kifi. Mai fenti ya ga haka sai ya ƙara fesawa don ya rufe, ramukan su sake fitowa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fara gugar sanfefa kafin wanki. Hakan tura maiƙon yake yi cikin ƙarcen. Tsarin da kamfanonin fenti ke bayarwa shi ne a fara wankewa da ruwan ɗumi da sabulu, a goge da abin cire maiƙo wanda ba ya cin roba, sannan a yi sanfefa mai laushi, a sake wankewa, a bari ta bushe sarai. Idan PP ce, sai a bi da firamar roba, wani ruwa mai kama da tina da ake fesawa siriri don ya zama gada tsakanin robar da fenti. Firamar ƙarfe ba ta yin wannan aiki. A manyan masana'antu har harshen wuta ake gilma wa bamba na ɗan lokaci ƙanƙani don jikinta ya karɓi fenti, amma aiki ne na inji mai ma'auni. Wanda ya kwaikwaya da wutar walda zai narka kayan mutane.

Kwanciyar fenti: tsakanin kauri da ruwa

Fentin da ya fito daga bindigar feshi ɗigo-ɗigo yake sauka. Yana da ɗan lokaci kaɗan da ɗigon za su haɗu su baje su zama shimfiɗa ɗaya, kafin tinar da ke ciki ta tashi ya daskare. Duk kyan aiki a wannan ɗan lokacin yake.

Idan fentin ya yi kauri, ko tinar ta yi saurin tashi, ɗigon ba sa gama haɗuwa. Sai jikin ya fito da gargada kamar ɓawon lemu. Idan ya yi ruwa, ko aka jibga shi da yawa a wuri ɗaya, sai ya zubo kamar hawaye, musamman a kusurwoyi da lanƙwasar da sassan roba suka cika da su. Kamar kunu ne: mai kauri ba ya bajewa a kwano, tsararo ba ya tsayawa.

Shi ya sa kamfanonin fenti ke yin tina kala-kala, mai saurin tashi don lokacin sanyi, mai jinkiri don lokacin zafi. A garejinmu kuwa yawanci tina ɗaya ce daga Janairu zuwa Disamba, wadda ake aunawa a kwalba ba a san haɗinta ba. Ita ake wanke bindiga da ita, ita ake sirka fenti. Awo kuma da ido ne.

Yanayi uku, matsala uku

Ƙasar Kano na da yanayi uku masu tsanani, kowanne da yadda yake ɓata aiki.

Da hunturu iska ta bushe ƙayau, ƙura ta cika sarari. Roba ba ta sakin lantarkin da ke taruwa a jikinta idan an goge ta da busasshen tsumma. Irin abin da yara ke yi ne idan sun goga biro a gashi ya ɗauki guntun takarda. Haka murfin babur ke jawo ƙura tun kafin fenti ya sauka, a wayi gari jikinsa kamar an barbaɗa yashi. Goge shi da tsumma mai ɗan danshi na rage wannan. Sanyin asuba kuma na ƙara wa fenti kauri, yana jinkirta nunarsa.

Da bazara, a Maris da Afrilu, zafi na kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas. Tina na tashi tun fenti na cikin iska, ya sauka kamar gari, ba sheƙi. Sannan ga al'adar shanya kaya a rana da zarar an gama feshi don su bushe da wuri. Saman fentin sai ya yi fata ya rufe, tinar da ke ƙasa ta rasa hanyar fita, ta huda shi da ƙananan ƙuraje. Roba mai duhu a ranar tsaka na ɗaukar zafi fiye da iskar da ke kewaye da ita nesa ba kusa ba, har siririya na iya karkacewa.

Da damina, musamman a Agusta, danshi ne abokin gaba. Garuruwa irin su Rurum da ke gefen madatsar ruwan Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, sun san raɓar safiya. Yayin da tina ke tashi tana sanyaya jikin robar, kamar yadda gumi ke sanyaya mutum. Danshin iska sai ya kwanta a kan jiƙaƙƙen fenti, ya bushe da wani fari-fari kamar hazo. Tankin kwamfiresa ma na tara ruwa, idan ba a zubar da shi kullum sai ya biyo tiyo ya fito tare da fenti.

Bushewa daban, nuna daban

Wannan shi ne abin da ya fi jawo asara, kuma laifin ba na mai fenti ba ne shi kaɗai.

Fentin gwangwanin feshi da irin wanda ake sirkawa da tina kawai bushewa yake yi: tina ta tashi, ya bar busasshen launi. Duk ranar da ya sake haɗuwa da abin da ke narka shi, zai narke. Shi ya sa fetur da ya zuba a kansa wajen shan mai ke barin tabo.

Fentin da ake haɗa shi da hadina kuwa nuna yake yi. Sinadaran biyu na ƙulluwa da juna su zama abu guda mai tauri, kamar yadda siminti ke yi da ruwa. Magini ya san cewa siminti na iya bushewa a ido yau, amma ba a ɗora masa nauyi sai ya kwana biyu. Haka wannan fenti: ana iya taɓa shi bayan awoyi, amma a yanayi matsakaici yakan ɗauki kusan mako guda kafin ya kai ƙarshen ƙarfinsa.

Zafi na hanzarta wannan ƙulluwa. Ƙa'idar da masu ilimin sinadarai ke ƙiyasi da ita ita ce duk ƙarin maki 10 na zafi na ninka saurinta kusan sau biyu. Kenan haɗin da zai jira ka awa biyu da safiyar hunturu yana iya fara kauri a cikin bindiga kafin awa ɗaya da bazara. Hadina kuma da awo take aiki. Wanda ya rage ta don tsimi, fentinsa zai zauna da laushi. Wanda ya ƙara ta don ya bushe da wuri, fentinsa zai yi ƙwari ya tsattsage. Kuma gwangwanin hadina da aka bari a buɗe da damina ya lalace, domin tana haɗuwa da danshin iska.

A masana'antar ƙera mota ana gasa fentin jikin ƙarfe a zafin da ya kai wajen maki 140. Yawancin roba ba ta jure haka, don haka da zafi kaɗan ake gasa tata, ko a ba ta lokaci. A garejin bakin titi babu tanda. Lokaci ne kaɗai abin da ake da shi, shi kuma ɗan acaɓa ba shi da shi, domin duk yinin da babur ya kwana a gareji babu cefane, ga balas na mai babur na jira. Sai a ɗaura murfin da yamma, a daddanne shi da kusa, gobe a ɗaure masa buhu da igiyar roba, jibi a wanke shi da omo. Sauri ya haifi nawa.

Akwai kuma bambancin motsi. Roba na buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi fiye da ƙarfe ninki da yawa, kuma tana lanƙwasa a duk gargadar hanya. Fentin da aka yi don ƙarfe ba ya bin ta. Don haka ake da wani ruwa na musamman da ake ɗiga wa fentin bamba ya ba shi damar lanƙwasa.

Ƙirjin mai fenti da na yaransa

Asarar kuɗi ana mayar da ita. Akwai wadda ba a mayarwa. Hadina na ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda hukumomin lafiyar ma'aikata a duniya suka sa cikin manyan abubuwan da ke haddasa cutar asma a wurin aiki, kuma masu fentin mota na cikin waɗanda ta fi kamawa. Tsumma ko takunkumin yadi ba ya tare shi. Duk aikin da ya ɓare aka maimaita, an ninka abin da mai fenti da yaran shagonsa suka shaƙa.

Sai dalma. Binciken da ƙungiyar IPEN da abokan aikinta suka yi a ƙasashe da dama, har da Najeriya, ya nuna cewa fentin mai masu launin rawaya da ruwan lemu da ja su ne suka fi yawan ɗauke da ita. Iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai ita ce kashi 90 cikin miliyan, kuma Najeriya ta amince da wannan ma'auni. Amma launin da aka ɗura a kwalba ba tambari, wa ya auna shi? Arewa ta san illar wannan guba tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Can daga dutsen zinare ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadinta da ba ya cutarwa. Ƙurar tsohon fenti da ake gogewa a bushe tana bin tufafi har gida. Gugar sanfefa da ruwa na rage ta sosai.

Robar da ba ta son fenti ce za ta ƙaru

Kano ta daɗe da masana'antun roba a Sharaɗa da Challawa da Bompai. Shekaru da dama ƙwayoyin PP daga kamfanin Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas suke zuwa, ko daga ƙasashen waje. A 2025 matatar Dangote da ke Lekki ta fara samar da nata, a sashen da aka tsara zai iya fitar da sama da tan dubu 800 a shekara.

Idan ƙwayoyin suka wadata a gida, dala kuma ta ci gaba da tsada, abin da ake sa rai shi ne ƙarin kayan roba da aka zuba a Najeriya, har da na ababen hawa. Labari ne mai daɗi ga masana'antu da masu neman aiki. Amma yana nufin robar da ta fi ƙin fenti ce za ta fi yawa a hannun masu fenti. Wanda ya iya aikinta zai yi kasuwa, wanda bai iya ba zai yi ta rigima da kwastomomi.

Ilimin da ake buƙata bai kai na shekara ba, na kwanaki ne. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano na da makarantar fasahar karkara da koyar da sana'o'i a cikin garin Rano. Ƙungiyar makanikai ta NATA na da rassa da ke haɗa masu gareji. Kamfanonin da ke sayar da fentin mota na da moriya a ce ana amfani da kayansu daidai. Idan waɗannan uku suka haɗa gajeren horo da Hausa, aka fassara takardar awon da ke jikin gwangwani, za a rage asara mai yawa. Hukumar SON da takwararta NESREA kuma aikinsu ne su leƙa tinar kwalba da launin da ba tambari.

Kafin ka ba da aiki

Mai babur ma na da nasa rabon. Ka juya robar ka karanta hatiminta tare da mai fenti. Idan PP ce, ka tambaye shi ko yana da firamar roba, ka ga gwangwanin da idonka. Idan baƙar roba ce da ta koɗe kawai ba ta tsage ba, ka yi tunani sau biyu, domin koɗaɗɗiyar roba ta fi ɓararren fenti kyan gani.

Ka nemi a yi feshi a inuwa, a wurin da aka yayyafa wa ƙasa ruwa, ba da tsakar rana ba kuma ba ranar da hadari ya haɗo ba. Idan da hali, ka cire sassan robar ka bar su a gareji kwana biyu ko uku, ka ci gaba da neman abincinka da babur ɗin haka. Bayan an ɗaura, ka yi mako guda ba ka wanke su da omo ba, ba ka ɗaure musu kaya ba.

Akwai kuma gwajin da masana'antu ke yi wanda kowa zai iya. Bayan fenti ya nuna, a wurin da ba a gani, a tsaga shi da reza layi-layi a gicciye, a manna salatif a danna, a fizge. Idan ya taho da fenti, aikin bai kama ba. Ku yi yarjejeniya a kan wannan gwaji tun kafin a buɗe gwangwani, kuma ka yarda ka biya kuɗin firama da na kwanakin jira. Araha ba ta ado, kuma fentin da aka biya sau biyu ya fi wanda aka yi sau ɗaya tsada.